Jadawalin alƙaluma mai 3D: yadda ake ba shi zurfi ba tare da awonsa ya karkace ba

Ginshiƙin da ke cikin jadawali ma'auni ne. Tsawonsa shi ne adadin da yake wakilta, kuma duk kwalliyar da za a yi masa, dole wannan tsawon ya fita lafiya. Da zarar an ba ginshiƙi kauri, an juya shi, an haska masa fitila, to an buɗe ƙofofi da dama da awon zai iya zamewa ba tare da mai zanen ya lura ba. Ina son jadawali mai zurfi idan an yi shi da kyau, domin yana kama ido a fosta ko bangon rahoto fiye da shimfiɗaɗɗe. Sharaɗin kawai shi ne gefe ɗaya tak ya ɗauki adadi, sauran biyun su tsaya daidai wa daida a kan kowane ginshiƙi.

Akwai dalilin wannan sharaɗi. A 1984 William Cleveland da Robert McGill sun wallafa binciken da ya jera hanyoyin da ido ke karanta adadi a zane. Wanda ido ya fi ƙwarewa a kai shi ne kwatanta matsayi a kan layin awo guda, sai tsawo da kusurwa, sai faɗin fili, girman abu mai ciki kuma yana can ƙasa. Ke nan duk lokacin da zane ya tilasta wa mai karatu ya auna girman akwati maimakon tsawon layi, an ba shi aikin da bai iya ba.

A fara da shimfiɗaɗɗe

Kada ka fara da 3D. Fara da jadawali na yau da kullum, ka tabbatar alƙaluman sun zauna daidai. A Adobe Illustrator danna harafin J ka samu Column Graph Tool, ka danna a kan takarda, ka ba shi faɗi da tsawo, sai tagar shigar da alƙaluma ta buɗe. Abubuwa biyu ne suke yawan kawo cikas a wannan taga. Ba ta karɓar waƙafi a tsakiyar lamba, don haka 732000 za ka rubuta, ba 732,000 ba. Sannan idan sunan rukuni shekara ce, kamar 2024, sai ka sa ta cikin alamar zance madaidaiciya, in ba haka ba manhajar za ta ɗauke ta a matsayin adadi ta zana mata ginshiƙin da ya tsere wa kowa.

Daga nan ka shiga Graph Type, ka zaɓi Value Axis, ka kunna Override Calculated Values, ka sa mafi ƙanƙanta ya zama 0. Ginshiƙin da bai taso daga sifili ba ya riga ya yi ƙarya tun kafin a ba shi kauri. Faɗin ginshiƙi yana zuwa a kan kashi 90, na rukuni kuma 80. Rage na ginshiƙin zuwa 50 ko 60, domin fuskar gefe da za ka ƙara tana buƙatar wurin zama.

Kafin ka warware jadawalin da Ungroup, kwafe shi zuwa wata leya ka kulle ka ɓoye. Warwarewa tana yanke alaƙarsa da alƙaluman har abada, kuma ranar da aka ce lamba ɗaya ta canza, wannan kwafin ne zai cece ka daga sake komai.

Ta wace kusurwa za a kalle shi

Nan ne ake yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi. Zanen fasfektif, wato wanda ke ƙanƙantar da abin da ke nesa kamar yadda kyamara ke yi, bai dace da alƙaluma ba. Lissafin a fili yake: idan layin gaba yana da nisan taku 10 daga kyamara, na baya kuma taku 14, ginshiƙin baya zai fito da kashi 71 na tsawon takwaransa na gaba alhali adadinsu ɗaya. Babu yadda mai karatu zai gyara wannan a kansa. Don haka a kowace manhaja, nemi wurin da ake kashe fasfektif ka mayar da shi 0.

Abin da ya rage hanyoyi biyu ne da layuka ba sa haɗuwa a cikinsu. Ta farko ita ce a bar fuskar gaba yadda take, a ja zurfin zuwa baya a kan digiri 45, a kuma rage shi zuwa rabi. Fuskar gaba ba ta canza ko kaɗan, shi ya sa wannan ta fi dacewa da jadawali mai layi ɗaya na ginshiƙai. Ta biyu ita ce aisometirik: layin tsaye yana nan a tsaye, sauran biyun suna tashi da digiri 30 hagu da dama, tsakanin kowane biyu digiri 120 ne. Ma'auni ɗaya ne a dukkan ɓangarori uku, kuma ginshiƙi mai tsawon 100 a gaba daidai yake da mai 100 a baya.

Gina aisometirik da hannu

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin kowane layi kana iya auna shi. Matakai uku ne a jere: matsewa, karkatarwa, juyawa, kuma ba a sauya jerin. Zana murabba'in da zai zama fuskar, ka matse tsawonsa zuwa kashi 86.602 da Scale, faɗin ka bar shi a 100. Sai Shear, sannan Rotate. Fuskar dama: karkata 30, juya 30. Fuskar hagu: karkata -30, juya -30. Fuskar sama: karkata 30, juya -30.

Me ya sa 86.602? Karkatarwa da digiri 30 tana tsawaita gefen tsaye da ya karkace, matsewar farko kuma ita ke soke wannan ƙarin, domin 0.866 shi ne kosain na 30. Sakamakon shi ne kowane gefe ya koma ainihin tsawonsa. Wanda ya tsallake matsewar zai samu fuskoki da ba sa haɗuwa a kusurwa, kuma ginshiƙansa za su fi awon da ke bango tsawo da kusan kashi 15. Idan ka yi wa fuska ɗaya, ajiye matakan a matsayin Action guda uku, ɗaya ga kowace fuska, ka huta da shigar da lambobi.

Zaɓi ma'auni ka rubuta shi a gefen takarda, misali adadi 1 daidai da 2 pt (pt shi ne ma'aunin tsawo na manhajar). Ginshiƙin 60 zai zama 120 pt, na 85 kuma 170 pt. Don sauya tsawo, ɗauki Direct Selection ka kewaye duk ɗigogin saman ginshiƙin tare, ka danna Enter, ka rubuta yawan motsin a tsaye. Kada ka ja da linzami, kuma kada ka miƙe dukan ginshiƙin daga akwatin da ke kewaye da shi, domin hakan zai lanƙwasa fuskar sama ta daina zama a kan digiri 30.

Masu amfani da Inkscape suna da raga ta musamman: a Document Properties, ƙarƙashin Grids, a zaɓi Axonometric, a bar kusurwoyin biyu a kan 30, a kunna manne wa raga. Affinity Designer kuma yana da allon Isometric da ke ɗora kowace siffa a kan fuskar da ka zaɓa. Lissafin ɗaya ne, manhajar ce kawai ke yi maka.

Idan manhaja ce za ta ba shi kauri

Illustrator yana da Extrude & Bevel iri biyu: sabo a ƙarƙashin 3D and Materials, da tsoho mai suna Classic. Ga jadawali, tsohon ya fi, domin abin da yake fitarwa layuka ne tsabtatattu da za a iya gyarawa. A Position zaɓi ɗaya daga cikin Isometric, Perspective ya zama 0, zurfin da ke zuwa a kan 50 pt ka rage shi ya yi daidai da faɗin ginshiƙi ko ƙasa da haka.

Cire layin gefe daga kowane ginshiƙi kafin ka fara. Manhajar tana ɗaukar layin gefe a matsayin wani jiki dabam, ta ba shi nasa kaurin, sai ka ga ɓangarorin sun ɗauki launin layin, yawanci baƙi, fuskokin kuma sun ninka. Sannan haɗa ginshiƙan cikin rukuni ɗaya da Ctrl+G. Idan ka zaɓe su a warwatse ka sa tasirin, kowanne zai juya a kan tsakiyarsa, gindinsu ba zai zauna a layi ɗaya ba.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Juyawa ta gaskiya zuwa aisometirik tana rage kowane tsawo zuwa kusan kashi 82 na asalinsa, saɓanin ginin hannu da ya bar shi a 100. Idan ginshiƙai sun shiga tasirin amma layin awo ya tsaya a waje, ginshiƙin 100 zai tsaya a wajen 82. Ko dai layin awon ya bi ta juyawa iri ɗaya da Rotate na Classic, ko ka sake gina shi daga tsawon ginshiƙan bayan an juya su.

Game da inuwa, na fi son a zaɓi No Shading, a yi Expand Appearance, sannan a shafa wa fuskokin launi da hannu. Plastic Shading yana yanka gefen silinda zuwa siraran yankuna masu yawa bisa ga Blend Steps, wanda ke zuwa a kan 25. A bugu, 25 yana nuna matakala a launin. Idan ka ɗaga shi sosai fayil ya yi nauyi. A allo kuma wasu fararen zare suna bayyana tsakanin yankunan. Gefe ɗaya da aka haɗe da Unite aka sa masa launi mai narkewa ya fi su duka tsabta.

Ginshiƙi mai kauri da bai rabu da alƙalumansa ba

Ga jadawalin da ake sabuntawa kowane wata, akwai dabarar da ta cancanci a koye ta. Zana akwati ɗaya mai fuskar gaba, da gefe, da sama. Sa wani murabba'i marar launi marar layi a can bayansa, tsawonsa daidai da fuskar gaba kawai, shi ne iyakar da manhajar za ta yi awo da ita. Ja layi a kwance ya ratsa tsakiyar akwatin, ka haɗa komai rukuni ɗaya, ka zaɓi layin kaɗai ka mayar da shi layin jagora da Ctrl+5, ka tabbatar ba a kulle layukan jagora ba. Ajiye shi ta Object, Graph, Design. Sannan zaɓi jadawalin, ka shiga Object, Graph, Column, ka zaɓi Sliding. Ginshiƙin zai miƙe ne daga wurin layin nan kaɗai, samansa da gindinsa ba za su lalace ba. Idan ka sa rubutun %00 a cikin zanen, kowane ginshiƙi zai fito da adadinsa a kansa. Gwada da lamba mai sauƙi kamar 50 ka ga ko bakin fuskar gaba ya sauka daidai kan layinta.

A wannan tagar akwai Uniformly Scaled. Guje masa. Yana ƙara faɗi tare da tsawo, kuma akwatin da aka ninka kowane gefensa sau 2 ido yana ganin abin da ya ninka sau 8. Idan dole ne girman ƙwallo ko akwati ya nuna adadi, to ninkin adadi sau 2 ƙarin gefe ne sau 1.26 kacal, a kuma rubuta lambar a jiki.

Ina ne saman ginshiƙi?

Ginshiƙi mai kauri yana da baki biyu a sama, na gaba da na baya, mai karatu kuma bai san wanne zai bi ba. A ce zurfin 20 pt ne a kan digiri 45: bakin baya ya fi na gaba tashi da 14 pt. Da ma'aunin 2 pt ga adadi 1, ginshiƙin 60 zai karantu 67 idan aka gwada bakin baya da awon da ke gaba, ko 53 idan aka gwada bakin gaba da layukan bangon baya. Maganin shi ne ginshiƙai su jingina da bangon baya ba tazara, layukan awo su faro daga gaba, su bi bangon gefe da kusurwar zurfin, sannan su kwanta a bangon baya. Ko da an yi haka, rubuta adadin a kan kowane ginshiƙi. Jadawalin 3D da ba lambobi a jikinsa rabin aiki ne.

Sai matsalar ɓoyewa, wadda ta fi tsanani a jadawali mai layuka da yawa. A aisometirik, taku ɗaya zuwa baya yana ɗaga abu da rabin takun a kan takarda. Ginshiƙin da ke baya ta ɓangarori biyun yana zama kai tsaye a bayan na gaba, an ɗaga shi da taku guda cif. Idan takun 50 pt ne, wato ginshiƙi 30 da tazara 20, na gaba mai tsawon 150 zai haɗiye duk wanda bai wuce 100 ba a bayansa. Jera rukunan ta yadda dogaye za su koma baya, in jerin ba na shekaru ba ne da ba a taɓawa. Faɗaɗa tazarar ɓangare ɗaya fiye da ɗayan don na baya su leƙo ta gefe. Idan layukan sun wuce uku, raba su zuwa ƙananan jadawalai a jere ya fi. Sa ginshiƙai su zama garai-garai don a hango na baya ba ya magance komai, launuka ne kawai za su cakuɗe su haifar da wasu da ba sa cikin bayanin launi.

Faifai mai yanka-yanka

Jadawalin faifai shi ne ya fi shan wahala a 3D. Idan aka kwantar da da'ira a aisometirik, tsawonta yana komawa kashi 57.7 na faɗinta. Yankin da yake kwata cif, digiri 90, zai buɗe zuwa 120 idan yana fuskantar mai kallo, ya tsuke zuwa 60 idan yana gefe. Filin saman yankunan bai canza rabonsa ba, amma kusurwar ta canza, ga kuma kaurin baki wanda na gaba kaɗai ke morewa. Faifai mai faɗin 200 pt rabinsa yana da fili kusan 9,070. Baki mai kaurin 40 pt yana ƙara wa rabin gaba 8,000, ya kusa ninka shi. Da kaurin 10 pt ƙarin ya sauka zuwa kusan kashi 22. Saboda haka a yi bakin siriri, a rage kwantarwar, yankuna kada su wuce biyar, kowanne da kasonsa a rubuce. Ba wa kowane yanki tsayi dabam don ƙawa kuwa kuskure ne, sai dai in tsayin yana ɗauke da wani adadi na biyu da aka bayyana.

Launi da rubutu

Haske daga wuri ɗaya zai zo, kuma ba ya canzawa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Fuskar sama ta fi haske, ɗaya gefen ya ɗauki ainihin launin, ɗayan ya fi duhu. Bambancin maki 12 zuwa 15 a ma'aunin haske na HSB ya wadatar. Launin da ke bayanin launi ya zama na fuskar da ta fi girma. Ka kula kada duhun gefen wani rukuni ya yi kama da ainihin launin wani rukunin, abin da ke faruwa idan duka launukan dangin shuɗi ne. Ajiye launukan a matsayin Global don canji ɗaya ya ratsa duka zanen.

Sunayen rukuni za su iya kwanciya a ƙasa da matakan fuskar sama, amma lambobi su tsaya a miƙe. Rubutun da aka karkata yana da wuyar karantawa idan ƙarami ne.

Alƙaluman da da gaske suke da ɓangare uku

Wani lokacin zurfin ba ado ba ne. Zafi a kan faɗin fili, ko sakamakon da ya dogara da abubuwa biyu, suna buƙatar shimfiɗa mai tudu da kwari. Irin wannan ba a zana shi da hannu. A fitar da shi daga manhajar lissafi, a kawo shi manhajar zane don gyara. A Matplotlib, kayan zana jadawali na yaren Python, set_proj_type('ortho') yana kashe fasfektif, view_init kuma yana saita kusurwar kallo, wadda ke zuwa a kan tashi 30 da juyi -60. Sa svg.fonttype ya zama 'none' don rubutu ya iso a matsayin rubutu. Raga mai ɗigo 100 sau 100 tana iya haifar da fuskoki har 9,801, kowacce siffa mai zaman kanta, wanda ya isa ya sa manhajar zane ta riƙa ja da ƙyar; mayar da shimfiɗar kaɗai hoto da rasterized=True, layukan awo da rubutu su zauna a layi. Bayan buɗewa a manhajar zane, saki abin rufe gefen (clipping mask) da ke kewaye da zanen kafin ka fara zaɓe. Ɗigogin da ke shawagi a sarari ba a gane matsayinsu sai an sauko da siririn layi daga kowanne zuwa ƙasa, shimfiɗa kuma tana ƙara karantuwa idan an zana layukan tsayinta a ƙasan akwatin.

Mai son haske da inuwa na gaske sai ya nufi manhajar 3D mai suna Blender. Mayar da kyamara Orthographic, juyinta X 54.736, Y 0, Z 45, ka samu aisometirik. Akwatin da Blender ke bayarwa gefensa mita 2 ne, cibiyarsa kuma a tsakiya, don haka miƙe shi a Z yana tura rabinsa ƙarƙashin ƙasa. Yi amfani da akwati mai gefe 1, miƙewar Z ta zama adadin, matsayin Z kuma rabin adadin. A Color Management mayar da View Transform zuwa Standard, in ba haka ba launukan da ka zaɓa za su fito a dushe. Kunna Transparent a ƙarƙashin Film, ka fitar da PNG, ka ɗora rubutu da lambobi a manhajar zane inda za su fito da kaifi.

Wajen fitarwa daga Illustrator, duba Document Raster Effects Settings: idan yana kan 72 ppi inuwa za ta fito da tsaga-tsaga a bugu, sai a ɗaga shi zuwa 300. Ga hoton allo, zaɓi Art Optimized don fararen zaren nan su ɓace. Kafin fayil ya bar hannunka, auna gefen tsaye na ginshiƙi mafi tsawo da na mafi gajarta, ka raba ɗaya da ɗaya, ka raba adadinsu ma. Idan 85 da 60 ne, amsar 1.417 ce, kuma dole awon zanen ya ba da ita. In ya saɓa, koma ka duba layin sifili da akwatin Perspective, sannan ka duba ko an taɓa miƙe wani ginshiƙi da linzami.